Kunnen Hukuma a Ƙasar Lafiya: Daga Tafinta Zuwa Jirgi Maras Matuƙi

Duk wanda ya ɗan leƙa tarihin sarauta a ƙasashenmu zai tarar cewa, tun kafin a san bindiga mai jigida ko motar sulke, babban makamin mai mulki shi ne labari. Sarkin da ya riga abokin gabarsa jin abin da ake ciki ya gama rabin yaƙi tun bai ɗaura wa doki sirdi ba, wanda kuwa labari ya zo masa a makare, ko ya zo masa a karkace, to ko da dakarunsa sun kai yawan fara, a banza. Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu bi sawun hanyoyin da hukuma ta riƙa bi domin ta ji, ta kuma gani, abin da talakawanta da maƙiyanta suke ciki a Lafiya da ƙasashen da ke kewaye da ita, tun daga zamanin jakadu da fatake har zuwa wannan zamani na wayar salula. Mun zaɓi wannan yanki ne saboda wasu al'amura guda uku da suka auku a cikinsa, ɗaya a Keffi a 1902, ɗaya a Alakyo a 2013, ɗaya kuma a Rukubi a 2023, waɗanda in aka jera su wuri guda za a ga suna yi wa juna fassara.

Kafin zuwan waya

Lafiyar Barebari, kamar yadda magabata suke kiranta, Muhammadu Dunama ne ya kafa sarautarta tare da jama'arsa da suka samo asali daga Barno, a wajejen ƙarshen ƙarni na 18, a tsakiyar ƙasar da Alago da Migili da Gwandara da Eggon suke zaune. Bayan jihadi sai ta zamo tana kai gaisuwa Bauchi, kamar yadda Keffi da Nasarawa suke kai tasu Zazzau. Gari ne na kan hanya. Gishirin Keana da na Awe ya daɗe yana jawo fatake daga ƙasar Hausa, kuma a zamanin Muhammadu Agwai, wanda ya yi sarauta daga 1881 zuwa 1903, kasuwar Lafiya ta bunƙasa har ta shiga sahun manyan kasuwannin kwarin Binuwai, aka kuma buɗe hanyar fatauci zuwa Loko da ke bakin kogi.

A irin wannan gari, kowane ayari da ya sauka a zango ya zo da kaya iri biyu: wanda ke bisa jakai, da wanda ke cikin bakin madugu. Na farkon kasuwa ake kai shi, na biyun kuwa fada. Fatoma ya san baƙon da ya kwana a gidansa, mai unguwa ya san wanda fatoma ya saukar, kuma kafin rana ta take sarki ya ji daga ina baƙo yake, ina ya nufa, me ya baro a bayansa. Jakada yana zaune a garin da aka tura shi, yana karɓar haraji da hannu ɗaya, yana tattara labari da ɗayan. In kuma fada ce ke son ta yi magana da jama'a, ga sankira da masu shela, ga tambari wanda kowa ya san ba a buga shi a kan wasa. Wannan tsari yana da jinkiri, domin labari ba ya wuce saurin doki, amma yana da wata fa'ida da za mu ga an rasa ta daga baya, wato duk wanda ya kawo magana an san shi, an san ubansa, an san kuma abin da zai ci in maganar ta karɓu. Saboda haka mai sauraro yana da ma'aunin da zai auna ta.

Tangarahu da tafinta

Turawa da suka zo, sun zo da abin da ya fi doki sauri. A ranar 1 ga Janairu 1900 Lugga ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja, kuma cikin ayyukan da ya fi ba muhimmanci akwai jan wayar tangarahu, domin da 'yan tsirarun hafsoshi yake son ya riƙe ƙasa mai faɗin gaske. A cikin wannan wata na Janairu ne masu aikin jan waya daga Lakwaja zuwa Ibi suka shiga ƙasar Tibi ba tare da neman izinin kowa ba, suna sare itatuwa suna kafa turaku a gonakin mutane. Tibi suka far musu, Lugga kuwa ya mayar da martani da soja da ƙone ƙauyuka. Ashe ke nan tun ranar farko da waya ta shigo kwarin Binuwai, da jini ta shigo, kuma mutanen da ta ratsa ta gonakinsu sun fahimci cewa ba don su aka ja ta ba.

Sai dai waya tana haɗa Bature da Bature ne kawai. Tsakanin Razdan da sarki, ko tsakaninsa da talaka, akwai wani gibi da ƙarfe ba ya iya cikewa, wato harshe. Nan ne tafinta da ɗan rahoto suka samu kasuwa. Su ne idon Bature, su ne kunnensa, su ne kuma bakinsa, kuma da yawansu sun gane cewa wanda ya tsaya tsakanin mutum biyu da ba sa jin maganar juna, shi ke da iko da su duka biyun.

Abin da ya faru a Keffi ranar Juma'a 3 ga Oktoba 1902 ya isa misali. Razdan na lardin Nasarawa a lokacin shi ne Kyaftin Moloney, mutum ne mai lalurar ƙafa sakamakon raunin da ya samu a wani yaƙi tun da farko. Mai ƙarfin faɗa-a-ji a Keffi kuwa shi ne Magaji Ɗan Yamusa, wakilin Sarkin Zazzau, jarumi wanda bai ɓoye ƙiyayyarsa ga mulkin Nasara ba. A tsakaninsu akwai wani ma'aikacin Turawa, Audu Timtim, wanda shi ke kai magana yana komo da ita. Moloney ya zauna a ƙofar fada ya aika a kirawo Magaji, Magaji ya ƙi fitowa; ya tura mataimakinsa Webster ciki, aka fito da shi da ƙyar; sai ya aika a zo da soja. Kafin su iso Magaji ya fito bisa doki, ya kashe Moloney, aka kuma kashe Audu Timtim, sa'an nan ya yi Arewa. Ruwayoyi da dama, na baka da na rubuce, sun ɗora laifin a kan Audu Timtim, cewa shi ya riƙa juya maganar kowane ɓangare yana ƙara mata gishiri, har kowannensu ya tabbata ɗayan na shirin halaka shi. Ko ma mene ne gaskiyar zancen, abin lura shi ne mutum biyun da suka fi kowa iko a garin ba su taɓa jin juna kai tsaye ba.

Sauran labarin sananne ne. Magaji ya isa Kano, Sarki Alu ya karɓe shi da girmamawa, Lugga kuwa ya samu hujjar da ya daɗe yana nema. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 Kano ta faɗi, a watan Maris Sakkwato ta biyo baya, shi kuma Magaji ya cika tare da Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi ranar 27 ga Yuli. A wannan shekara ce Turawa suka tabbatar da Musa a kan sarautar Lafiya. Ba muna cewa tafinta ɗaya ne ya rushe daula ba, domin Lugga ya riga ya ƙudurta abin da zai yi. Amma ashanar da aka kunna wutar da ita, daga bakin mai fassara ta fito.

Shekarun da suka biyo baya ba sai mun daɗe a kansu ba. Hanyar jirgin ƙasa ta gabas, wadda ta taso daga Fatakwal, ta ratsa Makurɗi da Lafiya da Kafanchan ta haɗe da Kaduna a 1927, aka kuma buɗe gadar Makurɗi a 1932. Tare da dogo sai ga gidan waya, ga wasiƙa, ga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo daga 1939. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962, rediyo mai batir kuwa ya shiga har rugar Fulani. Amma dukkan waɗannan hanya ɗaya suke bi, daga sama zuwa ƙasa: hukuma na magana, jama'a na saurare. Sa ido a kan talaka ya ci gaba da zama aikin dagaci da mai unguwa da ɗan doka na En'e, sai kuma 'yan sandan ciki, waɗanda aka mayar hukumar NSO a 1976 bayan kisan Janar Murtala, aka kuma raba ta uku a 1986, inda hukumar SSS ta samo asali. Ko a ranar 1 ga Oktoba 1996 da Janar Abacha ya cire Jihar Nasarawa daga Filato, Lafiya ta zama babban birni, wayar tarho kayan ofis ce da gidajen manya. Layukan NITEL a duk faɗin Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba.

Waya ta shiga aljihu

A watan Janairu 2001 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya, a watan Agusta kuma Econet da MTN suka fara aiki. Da farko layi kansa ya fi ƙarfin albashin malamin makaranta, minti ɗaya naira 50, sai dai a je wurin 'yan lema a bakin titi a buga a biya. Da Globacom ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa, farashi ya karye, kafin shekara goma kuwa mai sayar da doya a kasuwar Lafiya yana cinikinsa da dillalin Legas ba tare da ya bar rumfarsa ba. Wannan ne karo na farko a tarihinmu da talaka ya mallaki hanyar aika labari mai sauri daidai da ta gwamna.

Yana da kyau mu ɗan tsaya mu dubi yadda abin yake aiki, domin a nan ne amfaninsa da haɗarinsa suka haɗu. Muddin waya tana kunne, tana gaisawa da ƙarfen sabis mafi kusa da ita, ko ana magana ko ba a yi. Kamfani yana ajiye bayanin wane layi ya kira wane, da ƙarfe nawa, tsawon minti nawa, kuma ta wane ƙarfen sabis kiran ya bi. Ita kanta wayar tana da lambarta ta daban wadda ba ta canzawa ko an sauya layi. Saboda haka wanda ya samu waɗannan bayanai zai iya zana taswirar rayuwar mutum: inda yake kwana, inda yake wuni, da waɗanda yake hulɗa da su. A cikin gari, inda ƙarafan suke kusa da juna, ana iya kusantar unguwar da mutum yake. A daji kuwa, inda ƙarfe ɗaya ke ɗaukar ƙauyuka da yawa, abin da za a sani bai wuce cewa yana wannan jiha ta gabas ko ta yamma ba. Don a ɗaura wa kowane layi suna da fuska ne NCC ta fara rajistar layuka a 2011. Masu iya magana sun ce bango yana da kunne. Yanzu kunnen ya bar bango ya koma aljihu, kuma da kuɗinmu muke saya masa kati.

Alakyo

Alakyo ƙauye ne da bai wuce tafiyar kilomita 10 daga Lafiya ba. A nan ne wani dattijo da aka fi sani da Baba Alakyo yake zaune, wanda ake ɗauka shi ne jagoran tsafin ƙungiyar Ombatse, kalmar da a harshen Eggon take nufin lokaci ya yi. Shugabannin ƙungiyar sun ce su masu tsarkake al'ummarsu ne daga sata da zina da shaye-shaye da maita. Maƙwabtansu kuwa, musamman bayan hare-haren da aka kai Assakio da Agyaragu a 2012, sun ce mayaƙa ne, wasu kuma suka haɗa abin da siyasar neman kujerar gwamna. Wajibi ne mu faɗa a nan cewa Ombatse ba ita ce Eggon ba. Cikin ƙarar da aka kai wa hukuma har da cewa 'yan ƙungiyar suna shiga masallatai da majami'u suna tilasta wa 'yan uwansu Eggon yin rantsuwa da shan magani.

Ranar Talata 7 ga Mayu 2013, a zamanin Gwamna Umaru Tanko Al-Makura, jerin gwanon motocin 'yan sanda, akasarinsu 'yan kwantar da tarzoma, tare da jami'an SSS, suka tashi daga Lafiya domin su kamo dattijon su kuma ƙwace makaman da aka ce an tara. Ba su isa ba. An yi musu kwanton ɓauna a kan siririyar hanyar shiga ƙauyen, aka kashe su, aka ƙone motocin da gawawwaki da yawa. Adadin da aka fi ambata shi ne mutum 74, wato 'yan sanda 64 da jami'an SSS 10. Aka kwaso abin da ya saura aka kai asibitin Dalhatu Araf, matan mamatan kuma suka tare babbar hanya a Akwanga suna neman a nuna musu gawawwakin mazajensu. A wannan rana dai Boko Haram ta kai hari Bama ta kashe mutum 55. Shugaba Jonathan ya katse tafiyar da yake yi a kudancin Afirka ya komo gida.

Nan da nan gari ya cika da labarin tsafi: harsashi ba ya huda su, hazo ya rufe idon 'yan sanda, da sauran irinsu. Waya ce ta yi ta yaɗa wannan daga aljihu zuwa aljihu, kuma ba ƙaramin amfani ya yi wa ƙungiyar ba, domin tsoro ma makami ne. Shi kansa Baba Alakyo, da 'yan jarida suka same shi, cewa ya yi ba ya gari lokacin da abin ya faru, abin bautarsa ne ya yi faɗan. Amma kwamitin binciken da gwamnatin jiha ta kafa a ƙarƙashin Mai Shari'a Joseph Fola Gbadeyan ya gano cewa da bindigogi da adduna da makamantansu aka yi kisan. Tun kafin nan ma rundunar 'yan sandan jihar ta bayyana cewa ta kama wasu daga cikin jami'anta bisa zargin su suka tsegunta wa ƙungiyar shirin.

A ganinmu nan ne zuciyar al'amarin take. Ko da ba a samu maci amana ko ɗaya a cikin runduna ba, ta yaya za a tara motoci da dakaru masu yawa haka a tsakiyar gari, su bi hanya ɗaya tilo zuwa ƙauyen da ke bayan gari, a zamanin da kowane ɗan acaɓa da kowace mai tallar gyaɗa ke riƙe da waya? Hukuma ta fita da tunanin zamanin tangarahu, lokacin da ita kaɗai ke da saurin labari, alhali kuwa ƙauyen da ta nufa ya san adadin motocinta tun ba su bar kwalta ba. Su kuwa jami'an ba su san ko mutum nawa ke jiransu ba, ba su san hanyar fita ba in ta ɓaci. An sa ido a ranar, ba shakka, amma waɗanda aka je kamawa ne suka sa shi. Abin da zai ƙara ba mai karatu mamaki shi ne, makonni biyu kacal kafin wannan rana, jaridar Premium Times ta fallasa cewa gwamnatin tarayya ta ba kamfanin Elbit na Isra'ila kwangilar dala miliyan 40 domin leƙen abin da 'yan Nijeriya ke yi a intanet. Ana shirin karanta wasiƙun mutanen Abuja da Legas, ga shi kuwa ba a san abin da ke cikin ƙauyen da ake iya zuwa da keke daga gidan gwamnati ba.

In ba a iya saurare ba, sai a toshe

Mako ɗaya bayan Alakyo, ranar 14 ga Mayu, aka kafa dokar ta-ɓaci a Barno da Yobe da Adamawa, kwanaki kaɗan bayan haka kuma soja suka sa aka katse layukan salula a jihohin uku. Dalilinsu a fili yake, wato a hana 'yan Boko Haram shirya hari da tayar da bam ta waya. Su ma 'yan ƙungiyar sun riga sun gane cewa waya na tona musu asiri, shi ya sa a watan Satumba 2012 suka bi ƙarafan sabis suna ƙonawa a garuruwan Arewa da dama. Ka ga ke nan ɓangarorin biyu sun haɗu a kan abu guda: kowanne na tsoron wayar da ke hannun talaka. Katsewar ta taimaka wajen korar mayaƙan daga cikin Maiduguri, amma ranar 6 ga Yuli aka shiga makarantar sakandaren Mamudo kusa da Potiskum aka kashe kimanin mutum 42, akasarinsu ɗalibai, Gwamna Ibrahim Gaidam kuwa ya fito ya roƙi a mayar da layi, domin mutanen da suka ga baƙin fuska ba su da hanyar sanar da kowa. Aka mayar wa Yobe da Adamawa a watan Yuli, Barno kuwa sai a Disamba.

An sake gwada wannan magani a Zamfara a farkon Satumba 2021, aka faɗaɗa shi zuwa sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. 'Yan bindiga suka koma amfani da layukan Nijar a bakin iyaka da rediyon oba-oba, mutanen Gusau kuwa sai sun yi tafiya har Funtuwa kafin su gaida ɗan uwa ko su karɓi kuɗin da aka turo musu. Kafin shekarar ta ƙare aka janye. A wannan shekara dai aka rufe Twitter daga watan Yuni har zuwa 13 ga Janairu 2022, wannan karon ba don ɗan ta'adda ba, sai don kamfanin ya goge wani saƙon Shugaba Buhari. Ba mu ce babu ɓarna a waɗannan kafafe ba. Wanda ya ga yadda aka tashi mutane da asuba a watan Agusta 2014 a kan su yi wanka da ruwan gishiri don maganin Ebola, ko ya ji yadda hotunan ƙarya a Facebook suka ƙara rura wutar rikicin Barikin Ladi a watan Yuni 2018, ya san cewa sankiran wannan zamani ba shi da sarkin da zai tsawata masa. Amma toshe bakin kowa saboda ƙaryar wasu, tarihin da muka bi bai nuna ya taɓa kawo zaman lafiya ba.

Sauran dabarun ma haka suka ƙare, ko kusa da haka. A 2010 aka ba kamfanin ZTE na ƙasar Sin kwangilar dala miliyan 470, mafi yawanta bashi, domin kafa kyamarorin tsaro a Abuja da Legas da hanyar sadarwar 'yan sanda. Turakun sun tsaya a bakin titi, amma bama-baman da suka tashi a Abuja a 2011 da 2014 ba su gamu da wani cikas daga gare su ba. A watan Disamba 2020 ministan sadarwa Isa Ali Pantami ya ba da umarnin a haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa, jama'a suka yi ta cunkoso a ofisoshin rajista ana tsakiyar annobar korona, a watan Afrilu 2022 kuma aka hana layuka fiye da miliyan 70 buga waya. Duk da haka waɗanda suka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022 sun yi wata shida suna ciniki ta waya, suna sako hotunan bidiyo, har zuwa watan Oktoba da aka sako na ƙarshe. Shi kansa Pantami, bayan ya bar ofis, ya koka a 2024 cewa hukumomin tsaro ba sa amfani da bayanan yadda ya kamata. Sanin inda ɗan bindiga yake abu ɗaya ne, samun wanda zai shiga dajin ya same shi kuma wani abu ne daban.

Ba za mu yi wa na'ura rashin adalci ba. Akwai masu garkuwa da mutane da dama da aka kama ta hanyar bin sawun layi, kuma a cikin Jihar Nasarawa kanta, a watan Agusta 2020, dakarun rundunar Whirl Stroke sun tarwatsa sansanin ƙungiyar Darul Salam a dajin ƙaramar hukumar Toto, inda hedikwatar tsaro ta ce mutum 410, galibinsu mata da yara, suka miƙa wuya, aka kuma samu wurin haɗa bam.

Rukubi

Doma tana maƙwabtaka da Lafiya ta kudu maso yamma, Rukubi kuwa tana can ƙasan Doma, kusa da iyakar Jihar Binuwai. Tun da Binuwai ta fara aiki da dokar hana kiwon sake a watan Nuwamba 2017, a zamanin Gwamna Samuel Ortom, makiyaya da yawa suka tsallako wannan yanki, kuma jami'an da ke tsaron dokar sukan kama shanun da suka ce sun ƙetare iyaka, sai an biya tara a sake su. Haka ta faru ga wasu makiyaya a watan Janairu 2023. Suka je Makurɗi suka biya, aka ba su shanunsu, suka loda su a manyan motoci suka nufo gida. A daren Talata 24 ga wata suna cikin sauke shanun a kusa da Rukubi, 'yan uwa sun taru suna taimakawa, sai wuta ta faɗo musu daga sama.

'Yan sanda suka ce mutum 27 suka mutu. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch, bayan bincikenta, ta ce 39. Wata huɗu ba wanda ya ce shi ya yi. Sai a watan Mayu rundunar sojan sama ta amsa wa ƙungiyar a rubuce cewa ita ce ta kai harin, bisa abin da ta kira sahihin bayanin sirri, kuma hotunan da ta ɗauka daga sama sun nuna waɗanda ake zargin 'yan ta'adda ne sun taru a jikin wata mota da ake zaton ta kawo musu kaya.

Mu dubi wannan bayani da kyau, domin kyamarar ba ta yi ƙarya ba. Akwai mota, akwai dare, akwai mutane sun kewaye ta. Duk abin da ta gani haka yake. Abin da ba ta iya gani ba shi ne ma'anar taron, kuma wannan sai an samu mai fassara. Wanda ya zauna a gaban allo a wani ɗaki mai nisa, ya dubi inuwoyi suna motsi ya ce waɗannan 'yan ta'adda ne, aikin Audu Timtim yake yi, ko da kuwa zuciyarsa fara ce: yana tsaye tsakanin mai iko da mutanen da mai ikon ba ya jin harshensu. Bambancin kawai shi ne, tafintan Keffi ya san Magaji, Magaji ya san shi, har ya iya riƙe shi da laifi. Na Rukubi kuwa ba wanda ya san sunansa, shi ma bai san sunan ko ɗaya daga cikin waɗanda ya fassara ba. A tsohon tsarin da muka fara da shi, da mai unguwa za a tambaya, ko arɗo, ko sarkin Doma, kuma motar da ta taso daga Makurɗi da shanun da wata hukuma ta saki da hannunta ba abin ɓoye ba ce. Ga waya a aljihun kowannensu.

Wata goma da 'yan kwanaki bayan haka, a daren Lahadi 3 ga Disamba 2023, wani jirgi maras matuƙi na sojan ƙasa ya hango taron jama'a a Tudun Biri cikin ƙaramar hukumar Igabi ta Jihar Kaduna, ya sakar musu bam, da mutane suka taru ɗaukar gawawwaki ya sake sako wani. Mauludi suke yi. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne aƙalla mutum 85. A wannan karon rundunar soja ta amsa laifi washegari, a watan Mayu 2024 kuma hedikwatar tsaro ta sanar cewa jami'ai biyu za su gurfana a gaban kotun soja.